Gudun Mama Saratu

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na manta, akwai mata goma sha ɗaya a Madakiya da za su tuna mini) da ranar da na tsaya gaban likita da malamaina da 'yan ajinmu, na shaida musu cewa wata tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu ta fara gudun motsa jiki saboda ƙoƙarina.

Bari in fara da kaina, don ku san irin mutumin da abin ya sama. A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a Kafanchan. Iyayena duka malaman makaranta ne, cikin littattafai na tashi. Ni ne ɗalibin nan da ke ja wa littafinsa layi da rula kafin ya fara rubutu, mai zama kusa da bango, wanda idan malami ya yi tambaya ya san amsa amma sai ya rubuta ta a takarda ya tura wa na kusa da shi ya faɗa. Idan wayata ta yi ƙara, nakan zuba mata ido har ta katse, sannan in tura saƙo: "Na ga kira, lafiya?" (Har mahaifiyata na taɓa yi wa haka. Sau ɗaya tak, don ba ta bar ni na sake ba.)

A shekarar ne makarantarmu ta haɗa kai da wani asibiti suka fara gwajin lura da tsofaffi masu hawan jini daga gidajensu. Kowane majiyyaci ana ba shi abu uku: agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya da yawan taku, yana kuma nuna inda mutum yake, na'urar awon jini da ake ɗaurawa a damtse kowace safiya, sai wata ƙaramar waya da ke tattara bayanan ta turo mana. Kowane ɗalibi an ba shi majiyyaci ɗaya, ya bi lambobinsa a waya har mako takwas, ya rubuta rahoto. Rahoton shi ne aikinmu na kammala karatu. Amma ba a nan ya tsaya ba: da shi likita zai duba ya ga ko a rage wa mutum magani ko a ƙara masa. Ku riƙe wannan, domin ni a lokacin maki kawai nake hange.

Da aka yi mana bayani, sai na ji kamar an amsa mini addu'ar da ban ma san na yi ba. Kula da majiyyaci ba tare da an yi magana da majiyyaci ba. Na ce a raina, ashe akwai inda aka tanadar wa irina a aikin lafiya.

Mai kula da mu, Sista Rahila, ta raba mana fom mai gurbin ziyara, ta ce kowane mako biyu a je a ga majiyyaci, wanda bai samu zuwa ba ya tuntuɓe shi. Ni aka ba ni Mama Saratu ta Madakiya.

Ziyarar farko dole ce, don kai kaya. Na hau acaba na tafi da jakata da takardar bayani da na rubuta, mai sakin layi bakwai. Na tarar da Mama Saratu zaune kan 'yar kujera a tsakar gida, masara na shanye a gabanta, sandarta jingine da bango. Ta gaishe ni da yarenmu. Ni kuwa tashin birni ne, yarenmu ina ji amma idan na buɗe baki sai ya fito kamar an jiƙa shi da ruwa. Na amsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta koma Hausa don tausayi.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

Na faɗa mata sunan mahaifina. Ta tambayi sunan kakana, na faɗa. Ta tambayi na kakata.

"Ashe namu ne," ta ce, ta ɗaga murya. "Rifkatu, zo ki ga likitan da aka aiko mini. Jikan ƙawata ne, tare muka yi baftisma."

Rifkatu matar ɗan ƙaninta ce, ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ita ke karanta wa Mama saƙonni, ita kuma za ta riƙa yi wa wayar caji. Kafin in gama sakin layi na biyu, maƙwabta huɗu sun shigo kallo. Aka ajiye mini kwanon faten acca da zai ishi mutum uku. Aka tambaye ni ko ina da budurwa. Aka tambaye ni me ya sa ba ni da ita. Wata ta ce ai rama ce ta hana, a ƙara mini fate. Na yi sauran bayanin kaina a ƙasa, ina magana da takalmina. Na nuna musu cewa idan awon jini ya yi kyau na'urar tana kawo kore, idan ya hau ta kawo ja ta yi ƙara.

Da zan tafi Mama Saratu ta riƙe hannuna.

"Ɗana, wannan abu duka, kai mene ne naka a ciki?"

"Jarrabawata ce, Mama. Idan aikin ya yi kyau, zan ci."

"To za ka ci," ta ce. "Cikin sunan Yesu za ka ci."

A kan acaba na ɗauki alkawari tsakanina da kaina cewa ba zan sake taka gidan nan ba sai ranar karɓo kaya.

Makon farko lambobin ba su yi kyau ba. Kullum ja. Takunta a yini bai wuce daga ɗaki zuwa tsakar gida da komawa ba. Na kai wa Sista rahoto, likita ya ce ta ci gaba da maganinta, a sa mata ido. Ni kuma na shiga tura saƙo kowace yamma, irin saƙon da nake gyarawa sau uku kafin in tura: "Mama, barka da yamma. Awon yau ya hau sosai, taku kuma ya yi kaɗan. Gaskiya na damu. A ƙara ƙoƙari." Rifkatu takan amsa: "To, Mama ta ji."

Rana ta tara na tashi na duba waya, sai ga kore. Na goge ido na sake dubawa. Kore ne. Da yamma taku ya ninka na jiya sau goma. Kashegari ma kore. Jibi kore.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Na sayi biro kala uku da babbar takarda, na zana jadawali na manna a bangon ɗakina, jan layi yana gangarowa, koren yana hawa. Saƙonnina suka canja: "Madalla Mama, na ji daɗi ƙwarai. A ci gaba da haka." Na fara tunanin cewa ina da baiwar iya rubuta saƙo mai ratsa zuciya. Na ma buɗe wani babi a rahoton a kan muhimmancin ƙarfafa wa majiyyaci gwiwa ta hanyar kalmomi.

To, yanzu za ku ce babu wata alama da ta nuna mini akwai matsala? Akwai. Alamomi sun yi ta zuwa suna ƙwanƙwasa mini ƙofa, ni kuma ina ba kowace kujera da ruwan sha.

A mako na uku agogon ya tafi kasuwar Fadan Kaje da ƙafa ya dawo. Na rubuta: "Majiyyaciya ta fara doguwar tafiya." A mako na huɗu ya shiga mota ya tafi Jere, ya kwana biyu, kuma ranar Asabar da yamma zuciyar ta yi awa uku tana bugu kamar ana kiɗa. Na rubuta: "Majiyyaciya ta koma shiga harkokin jama'a." A mako na biyar aka fara abin da ya fi ɗaure mini kai. Agogon zai zo tashar mota ta Kafanchan da safe, ya tsaya, sai ya zura da gudu, ya tsaya, ya dawo a hankali, ya sake zurawa. Haka har la'asar.

Mutum mai hankali zai ɗauki waya ya kira. Ni laburare na tafi. Na yi yini biyu a ciki, na kuwa samo cewa akwai wani salon motsa jiki da ake gudu kaɗan a huta kaɗan, kuma yana taimaka wa zuciya. Na rubuta shafi huɗu a kan yadda tsohuwar ƙauye ta gano wannan salo da kanta ba tare da an koya mata ba. Ko na tambayi kaina me zai sa ta baro Madakiya ta zo har tashar Kafanchan don motsa jiki? Na tambaya, ban ɓoye muku ba. Na kuma ba kaina amsa: filin tasha a shimfiɗe yake, ya fi dacewa da gwiwar tsofaffi. (Wannan ma na sa a rahoto, shafi na goma sha tara.)

A gurbin ziyara kuwa, kowane mako biyu nakan rubuta da kyakkyawan rubutuna: "An tuntuɓe ta ta saƙo." Ba ƙarya ba ne. Sista Rahila tana da ɗalibai ashirin, hankalinta yana kan waɗanda majiyyatansu ke ja. Sau ɗaya ta tare ni a baranda.

"Kai, ka je ka ga tsohuwarka kuwa?"

"Tana lafiya, Sista," na ce, na miƙa mata waya ta ga kore jere da juna. Ta gyaɗa kai ta wuce. Ban yi ƙarya ba, ban kuma amsa tambayar ba, na tafi ina jin kaina mai wayo.

A mako na bakwai likitan da ke kula da shirin ya karanta rahotona. Dogon mutum ne mai magana a hankali, kowa Dokta yake ce masa. Ya kira ni ofis.

"Idan abin da ke nan haka yake, maganin da take sha ya yi mata yawa yanzu. Za mu rage shi rabi. Ka kawo ta ranar gabatar da aiki in duba ta, in sa hannu. Kai za ka fara gabatarwa, ina so sauran su ga misali."

Misali. Na fito ofishin ina maimaita kalmar. Na tura wa Rifkatu saƙon gayyata, ta amsa cewa Mama ta ce za su zo.

Ranar Laraba ce. Na ari kwat da taye na mahaifina, kwat ɗin ta sauko har ta rufe mini yatsu. Ɗakin taro ya cika: 'yan ajinmu, 'yan aji na ƙasa da aka tilasta wa zuwa, malamai, Sista Rahila, Dokta a tebur na gaba da fayil a gabansa. Ƙarfe goma ta yi Mama ba ta iso ba, aka ce in fara.

Da farko ƙasa-ƙasa nake karantawa daga takarda. Amma da jadawalina ya fito a majigi, jan layin nan yana gangarowa kamar yadda na saba gani a bangon ɗakina, sai na ji ƙarfi ya shigo ni. Na yi bayanin Fadan Kaje. Na yi bayanin Jere. Na yi bayanin salon gudu da hutawa, har na ji wani malami ya ce, "Ikon Allah." Aka tafa mini. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, aka tafa mini.

Tafin nan ne ya kai ni ya baro. Duk rayuwata ban taɓa kauce wa abin da na rubuta a takarda ba sai ranar. Na ji bakina yana cewa, "Bari ma in nuna muku ita kai tsaye." Na haɗa wayata da majigi. Taswirar Kafanchan ta fito a bango, ga wani shuɗin ɗigo a tashar mota, yana ta sheƙa gudu. A gefe bugun zuciya yana ɗari da talatin.

Na ɗauki sandar nuni na ɗora a kan ɗigon.

"Kamar yadda kuke gani," na ce, har da gyaran taye, "ko yau da take kan hanyar zuwa nan, ba ta yarda ta bar motsa jikinta ba."

A daidai nan muka fara jin waƙa daga waje, ƙasa-ƙasa, da ɗan kiɗan tulu da kacau-kacau. Ƙofa ta buɗe. Mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, duk da zane da ɗankwali iri ɗaya na zumuntar matan coci. Su goma sha ɗaya. A tsakiyarsu Mama Saratu, sanda a hannun dama, Rifkatu tana riƙe da na hagu. Ƙafafunta sun kumbura har an yanke igiyar silifas ɗinta an ɗaure da tsumma. Takan yi taku uku ta tsaya ta huta.

Daga ƙofa zuwa bencin gaba ta ɗauki lokacin da zai isa a karanta Zabura guda. Duk tsawon lokacin nan, a bango, sama da kaina, ɗigon yana gudu.

Mutane suka dubi Mama, suka dubi bango. Suka sake dubanta, suka sake duban bango. Ni kuwa ina tsaye, sandar nuni har yanzu tana kan ɗigon, ina ma ɗan binsa da ita, don hannuna bai samu labarin abin da ya faru ba tukuna.

Mama ta zauna, ta hango ni, fuskarta ta washe.

"Ga shi can. Kun ga yadda kwat ya karɓe shi?"

Dokta ya miƙe ya je gabanta ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ke ce Mama Saratu?"

"Ni ne, likita."

"Ina agogon da aka ba ki?"

Mama ta juya wajen matan. "Yau na wa ne?"

Wata mai tabarau, wadda daga baya na san ita ce sakatariyar zumunta, ta ciro littafin rubutu daga jaka, ta lashi yatsa, ta buɗe.

"Yau Laraba. Maman Joy."

"Yana hannun Maman Joy," Mama ta faɗa wa Dokta. "Ya ce a yi haƙuri, ba zai samu zuwa ba, yau motoci da yawa."

"Wace ce Maman Joy?"

"Mai sayar da ayaba a tasha. Duk zumunta babu mai ƙafa irin nasa. Mota ya tashi, sai ya bi da gudu ya miƙa ayaba ta taga."

Kamar an haɗa baki, ɗigon da ke bango ya tsaya cak. Daga can baya wani ɗan ajinmu ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ta sayar."

Ɗakin ya fashe. Na ga wani malami ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. 'Yan aji na ƙasa, waɗanda aka tilasta wa zuwa, suna share hawaye suna gode wa Allah da bai sa sun gudu ba. Matan zumunta ma suka taya dariya, don sun ɗauka murna ake yi. Mai tulu har ta ɗan buga.

Dokta ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Mama, yi mini bayani daga farko."

"Ai ba wani abu ba ne, likita. Yaron nan namu ne. Ya zo ya ce jarrabawarsa ne. Sati na farko kullum yana rubuto mini, ya damu, ya damu, ba na tafiya, jini ya hau. Ni kuma ƙafa ba ya ɗaukana. Na ce yaron mutane zai faɗi saboda ni. Sai na kai maganar zumunta. Na ce, mata, in gonar mutum ya fi ƙarfinsa, me muke yi? Suka ce gayya. To shi ne muka yi masa gayya."

Matan suka gyaɗa kai da alfahari.

"Kowace rana, wanda zai yi tafiya mai nisa shi zai sa. Mai zuwa kasuwan Fadan Kaje ya sa. Asabe ya je biki Jere ya sa, ya yi rawa da shi kwana biyu."

Wata mai jiki a ƙarshen benci ta ɗaga hannu don a san ita ce Asabe.

"Na'urar awon jini fa?" in ji Dokta.

"Wannan mun gwada hannun kowa. Na Rifkatu ne yake ba da kore kullum. In na sa nawa sai ya yi ja ya fara kuka, yaron kuma ya damu. Sai muka bar wa Rifkatu."

Rifkatu ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Sakatariya ta taso ta miƙa wa Dokta littafin da hannu biyu. An ja layi da rula: rana, suna, inda aka je. Dokta ya ɗora shi kusa da rahotona, ya bi su da yatsa, shafi da shafi. Ya daɗe yana dubawa.

"To," ya ce, "aƙalla bayananku sun yi daidai da juna. Ko rana ɗaya ba ku saɓa ba."

Aka sake fashewa. Da ƙasa za ta yarda ta buɗe a ranar, da na shiga na ja kwat ɗin mahaifina na rufe ramin. Na ɗauka wannan ne ƙarshen kunya. Ashe ba a ma fara ba.

Dokta ya ce wa Sista Rahila ta kawo abin awon jini na hannu, irin wanda ake matsawa. Ya naɗe wa Mama shi a damtse da kansa, ya saurara. Ya kwance ya koma ɗaya hannun. Bai faɗi lambar ba, ya rubuta a takarda ya nuna wa Sista. Na ga fuskarta ta canja. Dariyar ɗakin ta mutu da kanta, ba wanda ya ce a yi shiru.

Dokta ya buɗe fayil ɗinsa ya ciro wata takarda. Na gane ta: takardar rage magani ce, an riga an cike komai, sa hannu kawai ya rage. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Mama, kanki yana ciwo?"

"Yana yi. Wani lokaci ido ma sai ya ga duhu-duhu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a fara haƙar citta."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta dube ni, ta yi murmushi irin na wanda ya yi wa mutum alheri yana jin nauyin a faɗa a gabansa.

"Yaron yana karatu. Ban so in ɓata masa aiki."

Dariyar da aka yi mini a baya, da za a dawo da ita a ninka sau goma a madadin shirun nan, da na karɓa da godiya. Mako bakwai ina zana layi mai launi a kan lafiyar Rifkatu da ƙafar Maman Joy, matar da aka damƙa mini kuma tana zaune a tsakar gida kanta na sara, tana ɓoyewa don in ci jarrabawa. Da ta ƙara makara a hanya, ko da Dokta ya gaji da jira ya sa hannu, da rubutuna mai kyau ne zai raba ta da rabin maganinta.

Sista Rahila ba ta yi mini faɗa ba. Na so ta yi. Ta ce kawai, "Riƙe mata sandarta," aka kawo keken marasa lafiya aka ɗora Mama. Haka muka ratsa harabar makaranta zuwa mota: Mama a gaba, matan zumunta a baya, ni a tsakiya cikin kwat, rungume da sandar tsohuwa kamar an ba ni kyautar girmamawa.

An ba ta gado na kwana uku, aka canja mata magani, aka ƙara wani. Kashegari da rana na sayi lemu na tafi asibiti. Ba wanda ya aike ni. Na yi zagaye biyu a bakin ɗakin mata kafin in shiga. Na same ta zaune, kumburin ya ɗan sauka.

"Likitana. To yaya, ka ci?"

"Ban ci ba, Mama. An ce in sake daga farko."

Ta ajiye lemun da take ɓarewa.

"Duk wahalan da muka sha? Asabe sai da aka gasa masa ƙafa da ruwan zafi bayan Jere."

"Mama, jan nan da na'urar ke kawowa, shi ake so in gani. In jininki ya hau na gani na faɗa wa likita, aikina ya yi kyau ke nan. Ba kore ake ba maki ba."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"To me ya hana ka zo ka faɗa haka? Madakiya ɗin nan, acaba ko minti ashirin ba ya yi."

Na dubi takalmina. Na ce, "Kunya, Mama."

"Kunyan wa? Ni?"

Ta kwashe da dariya har nas ta leƙo. Sannan ta juya ta ba matar gadon kusa labari, ta ba ta gaba da ita, da Hausa da yarenmu, tana nuna ni da ɓawon lemu. Na zauna a wurin na shanye shi duka, har lokacin ziyara ya ƙare.

Na sake mako takwas ɗin. Kowace Asabar ina Madakiya, ina cin fate, ina amsa tambayoyi a kan aure. Lambobin da na samu a karo na biyu munana ne: yau ja, gobe ja, jibi ɗan sauƙi, sai a sake hawa. Jadawalin bai yi kyan da za a manna a bango ba. Amma a hankali ya sauko, kuma na Mama Saratu ne. Na samu matsakaicin maki, karo na farko a rayuwata, mahaifina ya yi ta juya takardar yana neman inda aka yi kuskure.

Yanzu ina aiki, kuma har yau ina son na'urorin nan, don suna ceton mutane da gaske. Sai dai na koyi abu ɗaya. Duk ranar da waya ta kawo mini labari mai daɗi fiye da kima a kan majiyyaci, ba na neman littafin da zai gaskata shi. Takalmi nake sawa in tafi gidan, in kama hannun da ke cikin agogon, in bi shi da ido har kafaɗa, in tabbatar fuskar da ke sama ita ce mai sunan da ke kan kati. Awon ba ya wuce minti biyu. Gaisuwar da za a yi kafin a kai gare shi ce har gobe nake haɗa gumi a kanta.